JIBO BAKARI DA AIKIN ƁOYE NA SAWABA

(Jawabi ga rassan kasuwannin ƙasar Magariya da Dungas. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, sa'an nan ya miƙa takardar ga na kusa da shi.)

  'Yan'uwa maza da mata da kuka baro sikeli da keken ɗinki da rumfunan kasuwa, waɗansu tun daga Bande, waɗansu daga Waca da Sasumburum da Dungas, sannunku da hanya, Allah ya saka muku da alheri.

Abin da aka ba ni in yi magana a kansa yau shi ne rayuwar mutum guda, watau Jibo Bakari shugaban Sawaba, wanda ya hau mulkin ƙasan nan a 1957, aka sauke shi a 1958, aka haramta jam'iyyarsa a 1959, ya koma aikin ɓoye, har abin ya kai ga ɗaukar makami a 1964, aka kuwa ci mutanensa da yaƙi. Akwai masu yabonsa, akwai masu zaginsa, kowa da hujjarsa. Mu tambaya ɗaya za mu riƙe tun daga farkon labarin har ƙarshensa: ran da hukuma ta juya wa jam'iyya baya, ta rufe mata ofis, ta kama manyanta, wa ke riƙe da ita?

TUSHENSA

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Bazabarme ne. A garin nan kuma aka haifi Jori Hamani a 1916, 'yan'uwa ne na jini, kuma dukansu biyu sun yi karatu a makarantar Wilyam Fonti ta ƙasar Sanagal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na yammacin Afirka. Da Jibo ya komo sai ya kama aikin koyarwa, ya zauna Birnin Ƙonni, ya zauna Agadas.

Shekarar 1946 ita ta buɗe ƙofar siyasa. Cikin watan Afrilu aka soke aikin tilas, wanda ya ci iyayenmu wajen fasa hanya da ɗaukar kayan kumandan. Cikin watan Mayu aka kafa jam'iyyar P.P.N. a Yamai, cikin Oktoba kuma aka kafa R.D.A. a Bamako, P.P.N. ta zama reshenta na Nijar. Jibo ya zama babban sakatarenta.

A lokacin nan wakilan R.D.A. a majalisar Faris suna tafiya tare da 'yan kwaminis na Faransa, saboda haka gwamnoni suka sa jam'iyyar gaba, kora daga aiki, ɗauri, canjin wurin aiki zuwa can ƙuryar daji. Da wuya ta yi wuya, a watan Oktoba 1950 sai Hufuwat Buwanyi na Kwaddibuwa, shugaban R.D.A., ya yanke hulɗa da kwaminis don ya shirya da hukuma. Jori ya bi shi. Jibo ya ƙi, a 1951 ya sami kansa waje da jam'iyyar da ya yi wa wahala, ba kujera, ba albashi, ba mai tsaya masa a gidan gwamna.

SHEKARUN DA YA YI GINI

To, jama'a, nan ne nake so mu daɗe, domin a waɗannan shekaru na rashi Jibo ya tara ƙarfin da ya ci da shi daga baya. Da manya suka rufe masa ƙofa sai ya gangara wurin ƙanana. Ya shiga aikin sandika, ya riƙa haɗa kan leburori da 'yan dako, da direbobi da yaran mota, da boyi-boyi na gidajen Turawa, da teloli da mahauta da masu ƙaramin ciniki. Mutane ne waɗanda suka baro ƙauye, birni kuma bai karɓe su ba, ba su da sarki mai kare su, ba su da takardar lakwal. Shi ne ya zauna da su, ya ji kukan lada da na awo da na haraji, ya koya musu cewa mutum goma masu magana da baki ɗaya sun fi ɗari masu gunaguni a ɗaka.

Ku dubi irin mutanen nan da kyau. Direba yau yana Yamai, jibi yana Maraɗi, gata yana Damagaram. Ɗan koli yana cin kasuwa bakwai cikin mako. Tela kuwa kowa na zama bakin shagonsa. Watau jam'iyyar da ke da waɗannan tana da gidan waya nata na kanta, wanda kumandan ba shi da ikon buɗe wasiƙunsa. A ƙasarmu ta gyaɗa abin ya fi ko'ina sauƙi, gama a wancan zamani in kaka ta yi motoci ba su tsayawa tsakanin Damagaram da Magariya da Kano, inda jirgin ƙasa ke kwashe buhuna zuwa bakin teku. Tare da buhunan nan labari ke tafiya, ya je ya komo.

A Kano kuwa tun ran 8 ga Agusta 1950 an kafa NEPU, jam'iyyar talakawa wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta, kirarinta kuwa sawaba, har wata jarumarta ta Zariya aka san ta da Gambo Sawaba. Kalma ɗaya ce ta ratsa iyakar da Ingila da Faransa suka shata, gama talakan Ɓaɓura da talakan Magariya kuka ɗaya suke yi: a sami sauƙi. Jibo ya kafa jam'iyyar U.D.N. a 1954, amma sunan da jama'a suka riƙe shi ne Sawaba, alamarta raƙumi, ta R.D.A. kuwa giwa.

A watan Nuwamba 1956 ya zama magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa da ƙuri'a. Sa'an nan ya haɗa kai da jam'iyyar B.N.A., wadda sarakuna da yawa ke bayanta, suka shiga zaɓen 31 ga Maris 1957 da sunan M.S.A., suka ci kujera 41 cikin 60. Jibo ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko. Amma ku lura: ƙuri'un nan iri biyu ne. Akwai na kasuwa da tasha, waɗanda ya yi gumi ya tara. Akwai na ƙauyuka, waɗanda sarakuna suka ara masa. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

I KO A'A

A 1958 Janar Digol ya karɓi mulkin Faransa, ya ce kowace ƙasa ta faɗi ra'ayinta ran 28 ga Satumba: I, ta zauna ƙarƙashin inuwar Faransa, ko A'a, ta ɗauki 'yancinta nan take. Jibo ya ce A'a, kamar yadda Seku Ture na Gine ya ce.

Gine tana bakin teku, Faransa ta sake ta cikin fushi. Nijar kuwa ba ta yarda ta sake ba. Ga iyaka mai tsawo da Aljeriya, inda ake yaƙi da Faransa tun 1954. Ga ƙarfen uraniyum da aka gano a ƙasar Agadas a 1957. Sai aka aiko sabon gwamna, Kolombani, aikinsa guda, ya karya A'a. Aka baza soja cikin ƙasa, aka kira sarakuna ɗaya ɗaya, su kuwa da ma suna jin haushin gwamnatin Jibo da ta tuɓe waɗansu daga cikinsu. Abokan B.N.A. suka zame. Ranar ƙuri'a, cikin kowane mutum 100 da aka rubuta, wajen 37 kaɗai suka fito, cikin waɗanda suka fito kuma I ta sami wajen kashi 78 cikin 100. Masu aro sun karɓe kayansu.

Cikin Oktoba gwamnatin Jibo ta faɗi. Aka sake zaɓe ran 14 ga Disamba, ran 18 ga wata Jori Hamani ya hau. A watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba. Ran 3 ga Agusta 1960 aka ba Nijar mulkin kai, mutumin da ya fara nemansa kuwa yana gudun hijira.

AIKIN ƁOYE

Jibo ya zauna Bamako wurin Modibo Keita, daga baya Akara wurin Kwame Nkuruma. A gida kuwa jam'iyya ta nutse ƙasa. Ba taro, ba tuta, ba kati a aljihu. Waɗanda suka riƙe ta su ne dai mutanen nan na farko: direba ya ɗauko wasiƙa, ɗan kasuwa ya kai kuɗi, wani ya ba baƙo ɗaki ya kwana bai tambayi sunansa ba. Kano ta zama zaure, 'yan NEPU suna saukar da masu gudu. Ta irin hanyoyin nan aka fitar da samari ɗaruruwa. Waɗansu aka kai su karatu Rasha da Jamus ta Gabas da sauran ƙasashen gurguzu. Waɗansu aka kai su koyon yaƙin sunƙuru a Aljeriya da Gana da Biyatnam ta Arewa, da birnin Nankin na ƙasar Sin. Usman Ɗan Galadima na Madawa yana cikin manyan masu shirya wannan aiki, Abdulaye Mamani kuma, wanda ya wakilci Damagaram a majalisa, yana riƙe da ofishin jam'iyya a Aljeriya.

WANI MUTUMIN SIN

Tun da mun ambaci Sin, bari mu tsaya mu dubi wani mutum nata, gama rayuwarsa ta nuna abin da irin wannan yaƙi ke ci da abin da ke kashe shi. Ana kiransa Yang Jingyu, sunan aro ne irin na masu aikin ɓoye, sunansa na yanka Ma Shangde. An haife shi a 1905 a lardin Henan. Ya fara da haɗa kan manoman ƙasarsu, a 1929 jam'iyyar kwaminis ta tura shi Mancuriya, can arewa maso gabas, ya shiga cikin mahaƙan kwal na Fushun da wani sunan dabam, aka kama shi, ya sha kaso.

A 1931 Japan ta mamaye Mancuriya. Da ya fito sai ya shiga duwatsu da dazuzzuka ya tara mayaƙa, har ya zama babban kwamandan runduna ta ɗaya ta masu yaƙi da Japan a wannan yanki. Shekara da shekaru sojan Japan suna nemansa, ga jirage ga igwa, ba su same shi ba, domin manoma ke ci da shi, su ke gaya masa inda abokan gaba suka nufa.

Da Japanawa suka gane haka sai suka juya kan manoman. Suka ƙone gidajen da ke warwatse cikin daji, suka tattara mutane cikin ƙauyuka masu shinge da masu gadi, ba mai fita da hatsi. A 1938 kuma wani babban na hannun damansa, Cheng Bin, ya miƙa wuya, ya nuna musu rumbunan ɓoye da ke cikin daji. Daga nan runduna ta yi ta narkewa. Ran 23 ga Fabrairu 1940, cikin tsananin sanyi da ƙanƙara, aka kewaye shi shi kaɗai a gundumar Mengjiang aka harbe shi, bayan wani ɗan ƙauye da ya roƙa ya sayo masa abinci ya kai rahotonsa. Da suka tsaga cikinsa don su ga abin da ya rayu da shi, ba ƙwayar hatsi ko ɗaya, sai ɓawon itace da saiwar ciyawa da auduga. A 1946 aka sa wa gundumar sunansa.

Jarumtakarsa ba ta ragu ba tsakanin 1935 da 1940. Abin da ya canja shi ne an raba shi da masu ba shi tuwo. Ku riƙe wannan, mu komo gida.

KAKAR 1964

Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba 1964 mayaƙan Sawaba suka shigo Nijar ƙungiya ƙungiya, ta iyakar yamma da ta kudu, har zuwa gabas wajen tafkin Cadi. Ba su fi 'yan ɗaruruwa ba. Shugabannin da ke Akara sun sa rai da an ji harbin farko jama'a za su tashi. Jama'a ba su tashi ba. Gwamnati kuwa ta riga ta sami labari, Faransa na bayanta, aka tashi soja da jandarma da gardi da 'yan sintirin R.D.A., aka umarci masu gari su fito da mutanensu da baka da kibiya su bi sawu. Cikin 'yan makonni aka kashe waɗansu, aka kama da yawa. Ɗanduna Abubakar, tsohon ɗan sandika, an kashe shi a ƙasar Ƙonni, aka kai gawarsa Yamai aka ajiye a fili don tsoratarwa. Cikin Oktoban nan aka harbe mutum huɗu a bainar jama'a. Gwamnatin Sardauna a Kaduna kuma tana tare da Jori, saboda haka zauren Kano ma ya ƙuntata.

Ran 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar salla a Yamai, wani ɗan Sawaba, Amadu Jop, ya jefa gurneti don ya kashe Jori. Jori ya tsira, yaro ƙarami ya mutu. Wannan ba abin da za a ɓoye ba ne, kuma ba shi da kyau ta kowace fuska: jam'iyyar da aka kafa don talaka ya sami sauƙi ta zubar da jinin ɗan talaka a sahun salla. Bayan haka kamu ya ƙaru, mutane da yawa suka mutu a tsare. Sa'an nan masu masauki suka faɗi bi da bi: Ben Bella na Aljeriya a watan Yuni 1965, Nkuruma a watan Fabrairu 1966, Modibo Keita a 1968. Jibo ya koma Gine.

ME YA KARYA SHI?

Na farko, nisa. Shekara biyar shugaba yana waje, cikin shekarun nan an kama wannan, an tsorata wancan, wani ya gaji, wani an saye shi. Mai kawo labari daga nesa kuwa yakan so ya faranta wa shugaba rai. Wanda ya ƙidaya mutanensa da lissafin 1957 ya fita yaƙin 1964, lalle zai waiwaya ya ga ba kowa.

Na biyu, ƙarfin Sawaba yana bakin hanya ne, kasuwa da tasha. Mai yaƙin sunƙuru kuwa ba a tasha yake kwana ba, a daji yake kwana, kuma ƙasarmu ba ta da duwatsu da kurmi irin na Mancuriya. Gero yana ɓoye mutum har ran da aka yi girbi, daga nan sai fili fetal. Ko ina ya ɓuya tilas ya zo rijiya, rijiya kuwa ba ta rabuwa da ido. Kadan matan da ke jan ruwa ba su san shi ba, kafin la'asar mai gari ya ji. Da ɗan gari akan ci gari, ƙauyukan nan kuwa tun 1958 aka ga ba a gina kome cikinsu ba.

Na uku, Yang Jingyu baƙi ya yaƙa, masu wani harshe da wata tuta, duk da haka sai da aka raba shi da jama'a. Mayaƙan 1964 kuwa, wanda ke gabansu gardi ne ɗan ƙasa, mai yiwuwa ɗan maƙwabci. Manomi da ya ga haka, ga hatsinsa a gona, ga 'ya'yansa, ga abin da aka yi wa gawar Ɗanduna, sai ya ja ƙofarsa. Kada mu zage shi. Ba a taɓa zama da shi an tambaye shi ba.

ƘARSHENSA

Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Jori, Seyni Kunce ya hau, aka buɗe wa fursunonin Sawaba ƙofa. Jibo ya komo gida, amma a 1975 aka sake kama shi, sai cikin shekarun 1980 ya sami kansa. Abdulaye Mamani shi ma ya sha ɗauri, shi ne ya rubuta littafin Sarauniya da aka buga a 1980, ya rasu a 1993. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka komo ga jam'iyyu da yawa, Jibo ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin 100 ba, Mahaman Usman na Damagaram ya ci. Direbobi da telolin da suka ɗauke shi a kafaɗa sun tsufa, waɗansu sun mutu, 'ya'yansu kuwa ba su san raƙumi ba. Ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan dukan waɗanda suka mutu cikin wannan rigima, na kowane gefe.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, kun ji amsar tambayarmu. Ƙananan mutane su suka riƙe jam'iyya ran da ba ta da ofis, kuma inda ba a yi aiki cikinsu ba, horon Nankin bai yi amfani ba. Saboda haka ga abin da nake roƙon kowane reshe.

Ranar kasuwa, kada ku tsaya ga junanku a rumfa ɗaya. Mutumin ƙauye da ya kawo gyaɗa ko wake ko akuya, ku san sunansa da sunan garinsu, ku tsaya masa wajen awo in an so a cuce shi, ko da bai taɓa jefa mana ƙuri'a ba.

Kowane reshe ya ɗauki ƙauyuka uku ko huɗu na kewayensa, ya riƙa zuwa suna da jana'iza da gayya, tun babu zaɓe a gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A sa mata cikin shawara, gama su ke bakin rijiya, su ke shiga gidan da namiji ba ya shiga.

Sakatare kuma, in za ka aika da rahoto sama, rubuta gaskiya. In mutum bakwai suka zo taro, ka ce bakwai. Ƙarya mai daɗi daga reshe ita ke sa shugaba ya taka inda ba ƙasa.

Wanda ya kawo muku ƙuri'ar gari guda a aljihunsa, ku karɓe shi da mutunci, amma kada ku lissafa ta cikin dukiyarku sai kun je garin da ƙafarku.

Kuma duk mai zuwa muku da zancen makami, ku tuna masa da yaron filin idi.

Dattawa, in na yi tsawo ku gafarce ni. Wanda ke da tambaya ko gyara ya tashi ya faɗa, sakatare zai rubuta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Haza wassalam.